A kashe tsutsa, a bar mana nono

 Yau ina so mu tattauna a kan wata magana da za a ce ba ta shafe mu ba, wato yaƙin da masu gandun daji na Amurka da Kanada suka daɗe suna yi da tsutsar da ke cinye ganyen itatuwa. Wani zai ce ina ruwan mai garke da tsutsar Amurka. To ruwansa shi ne, duk maganin da aka fesa daga sama, bisa ciyawa da ganye da tabki yake sauka, kuma saniya ce ke fara kai baki gare su. Waɗannan ƙasashe sai da suka yi hasarar nono da kifi da tsuntsaye kafin su gane cewa ana iya haɗa maganin da zai kashe tsutsa ya ƙyale sauran halitta. Ra'ayina shi ne, irin wannan magani ya kamata mu riƙa nema da babbar murya duk sa'ad da aka ce za a yi feshi a inda muke kiwo.

Tsutsar da ake magana ɗiyar faɗa-wuta ce, wannan ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi da ke zuwa ga fitila da dare. Uwar ba ita ke ɓarna ba. Ƙwai take zubawa a jikin itace, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta yi ta cin ganye tana saɓa tana girma, daga nan ta kwanta, ta fito da fiffike, a koma farko. A wajajen 1869 wani Bafaranshe mai suna Trouvelot, da ke zaune a garin Medford na jihar Masacusets a Amurka, ya kawo ƙwan wata faɗa-wuta daga Turai domin yana son ya yi kiwon tsutsar siliki. Wasu suka kuɓuce masa suka shiga daji. Bayan shekara 20 tsutsa ta mamaye garin, mai gashi kamar gizaka, tana cin itatuwa iri sama da 300. Itacen da aka tsige masa ganye shekara biyu ko uku a jere, sau da yawa mutuwa yake yi. A 1981 kaɗai wannan tsutsa ta tsige daji fiye da hekta miliyan 5. Saboda haka kada mu ɗauka masu gandun daji ba su da dalilin ɗaukar makami. Suna da shi. Inda aka yi kuskure shi ne wajen zaɓen makamin.

Tun daga 1892, sun yi amfani da wata guba da aka haɗa da darma da arsenik, wadda ba ta ruɓewa cikin ƙasa. Sai kuma DDT ya zo, wanda wani masani na ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano ƙarfinsa a 1939. Yana da araha, yana kisa nan take, yana daɗewa bisa ganye. A 1957 gwamnatin Amurka ta tada jiragen sama suka fesa shi, gauraye da mai, bisa fili sama da hekta miliyan 1 a arewa maso gabashin ƙasar. Jirgi kuwa ba ya tambayar ina daji ya ƙare ina makiyaya ta fara. Feshin ya sauka bisa gonaki da lambuna da tabkuna da wuraren kiwon shanun tatsa. A wata gona ta jihar Niyok aka auna nono kwana biyu bayan feshi, aka iske maganin a ciki. Dalili kuwa, DDT ba ya fita da fitsari kamar sauran abubuwa. Cikin kitse yake zama, daga kitsen ya bi nono da man shanu zuwa cikin yaro. Mutanen tsibirin Long Island sun kai ƙara kotu domin a tsayar da feshin, ba su yi nasara ba. Tsutsar ma ba ta ƙare ba, sai ci gaba da ta yi da yaɗuwa.

A Kanada wata tsutsa ce daban, mai cin tohon itatuwan da ake yin katako da takarda da su. A lardin Niyu Buranzuwik an soma fesa mata DDT a 1952. A 1954 feshin ya biyo ta kogin Miramichi, ƴaƴan kifi suka mutu da yawan gaske, ƙwarin ruwan da kifin ke ci su ma suka tafi. An ceci itace na ɗan lokaci, an cuci masunta. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Wata masaniya mai suna Rachel Carson ta tattara irin waɗannan labarai cikin littafinta Silent Spring a 1962, hankalin jama'a ya tashi, har a 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a noma da daji. Kanada ta koma ga wani magani mai suna fenitrothion, wanda ba ya daɗewa kamar DDT, amma shi ma kan mai uwa da wabi yake yi, ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye duk ba su tsira ba. Ku riƙe wannan suna, domin shi ne aka yi ta zuba mana a nan Sahel lokacin fara.

Daga nan ne masana suka sake tunani. Maimakon su tambayi wace guba ta fi ƙarfi, sai suka koma tambayar me tsutsa ke da shi a jikinta wanda saniya da tsuntsu da kifi da ɗan Adam ba su da shi. Duk wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Haka ake son magani ya kasance. Sun bi hanyoyi huɗu, kuma yana da kyau mu san su, don kada a zo a ce mana babu wani zaɓi.

Hanya ta farko ita ce a saka ma tsutsa ciwonta. Akwai wata ƙwayar cuta cikin ƙasa da ake taƙaita sunanta da Bt. Wani masani ɗan Japan ne ya fara ganinta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, wani Bajamushe ya sake gano ta a 1911, kuma a 1938 aka fara sayar da ita a Faransa. Wannan ƙwaya tana yin wani dafi mai kamar ƙwayar gishiri. Sai tsutsa ta ci shi tare da ganye ne yake narkewa, domin ruwan hanjinta irin na kanwa ne. In ya narke sai ya kama jikin hanjin ya huda shi, tsutsa ta bar ci cikin ƴan awoyi, ta mutu bayan ƴan kwanaki. Hanjin saniya da na akuya da na mutum ba su da makamar da dafin zai riƙe, sai ya wuce abinsa. Ƙudan zuma da tsuntsu da kifi ma haka. Rana tana lalata shi cikin ƴan kwanaki, ba ya taruwa cikin kitse ko nono. Tun daga shekarun 1980 shi ne ya zama babban maganin da ake fesawa a dazuzzukan Kanada. A Faransa ma an daɗe ana amfani da shi kan wata gizaka mai tafiya a layi, wadda gashinta ke kumbura bakin kare da doki da saniya in suka taɓa ta.

Hanya ta biyu ta fi wannan tsantseni. Tsutsar nan ta Amurka tana da wata annoba tata ita kaɗai, wadda ke sa ta narke ta rataye bisa reshe. Aka tattara ƙwayar annobar aka mai da ita magani mai suna Gypchek, aka yi masa rajista a 1978. Ba ya taɓa ko da wata tsutsa ta wani iri. Matsalarsa ita ce, kafin a samu sai an yi kiwon tsutsotsi masu yawa an harbe su da ciwon, don haka kaɗan ake samu, da tsada, ana ajiye shi domin wuraren da ke da ƙwarin da ba a son a rasa.

Hanya ta uku babu kisa a cikinta. Tamatar wannan faɗa-wuta ba ta iya tashi. Tana zaune take sakin wani ƙamshi, namiji ya biyo shi daga nesa. A 1970 masana suka gano sinadarin ƙamshin suka koyi haɗa shi. In aka baza shi cikin daji, ko'ina ya ɗauki ƙamshin mace, sai namiji ya yi ta yawo har ya mutu bai same ta ba, ƙwai kuwa ba ya ƙyanƙyashewa. Da wannan dabara, da tarkuna dubbai da ake kafawa domin a san inda ƙwaron ya kai, Amurka ta rage saurin yaɗuwarsa da fiye da rabi tun daga wajajen shekarar 2000. Amma tana aiki ne kawai inda ƙwaron bai riga ya yi yawa ba.

Hanya ta huɗu sinadari ne na masana'anta, amma mai zaɓe. Kun san tsutsa ba ta girma sai ta saɓa, kuma akwai wani abu cikin jikinta da ke gaya mata lokacin saɓa ya yi. A shekarun 1990 aka fito da magani mai suna tebufenozide wanda ke kwaikwayon wannan abu. Tsutsa ta ci, jikinta ya ɗauka lokaci ya yi alhali bai yi ba, ta fara saɓa ta kasa gamawa, bakinta ya maƙale cikin tsohuwar fata, yunwa ta kashe ta. Dabba mai jini ba ta saɓa irin wannan, don haka bai da hanyar da zai bi ya same ta. Tun daga 2014, a lardin nan na Niyu Buranzuwik inda aka kashe kifi a da, da shi da Bt ake bin ƴan wuraren da tsutsa ta fara taruwa a kashe ta tun tana kaɗan, maimakon a jira ta cika daji a rufe lardi duka da feshi.

To, gaskiya ɗaya ce, bai kamata in yi muku tallar abu in ɓoye aibinsa ba. Waɗannan magunguna suna da nawa. Wanda ya saba ganin ƙwari sun zube kafin jirgi ya sauka, zai ce wannan bai yi ba. Suna son a fesa su a kan lokaci, tun tsutsa tana ƙarama. In aka makara da mako biyu an yi hasarar kuɗi. Sau da yawa sun fi tsada, kuma masu rai daga cikinsu ba su son zafin rumbun kwano. Bugu da ƙari, Bt da tebufenozide ba su bambance tsutsa mai ɓarna da tsutsa mai amfani. Mu kuwa muna da masu amfani. Tsutsar kaɗanya abinci ce kuma kuɗi ce ga matan Bobo Julaso da kewaye a Burkina Faso kowace damina. Zaren tsamiya da ake yi ma manyan riguna aiki da shi, tsutsar daji ce ke saƙa shi. In aka fesa Bt bisa kaɗanya a watan Yuli, an kashe ma wata baiwar Allah kasuwarta. Akwai kuma wani magani, diflubenzuron, mai hana fatar ƙwaro yin tauri, wanda bai cika cutar da dabba ba amma yana kashe ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci. Ashe ko magani mai zaɓe sai an san inda za a zuba shi da lokacin da za a zuba.

Duk da haka, a auna a gani. Da a ce araha ce kawai ma'auni, da har yau DDT ake fesawa. Mai lissafin feshi kuɗin lita da man jirgi yake ƙirgawa. Nonon da aka zubar, da maraƙin da aka yi ɓarinsa, da amyar da ta mutu, da tabkin da aka kaurace ma, ba su shiga takardarsa, domin mu ke biyansu. In aka sa su cikin lissafi, magani mai zaɓe shi ne mai araha.

Yanzu mu dawo gida. Masu shekaru a cikinmu ba su manta shekarun 1986 zuwa 1989 ba, lokacin da fara ta rufe Sahel, jirage suka yi ta zuba fenitrothion da malathion da makamantansu daga Muritaniya har Sudan. Daga 2003 zuwa 2005 an sake, aka fesa wajen hekta miliyan 13 a ƙasashen da farin dango ya sauka. Fara ba a gona take hayayyafa ba, a ƙasar kiwo take yi, don haka mafi yawan feshin a kanmu ya sauka. Bisa ƙa'ida, ana fitar da dabbobi daga wurin da aka fesa na wasu kwanaki, yawansu ya danganta da irin maganin. Amma mai garke nawa ne aka gaya ma? In ma an gaya masa, ina zai kai shanu ɗari alhali tabki ɗaya ne a yankin?

Abin da ya kamata kowane makiyayi ya sani shi ne, hanyar nan ta saka ma ƙwaro ciwonsa an riga an bi ta a ƙasarmu, kuma ta yi. A 1989 aka kafa wani shiri mai suna LUBILOSA, tare da cibiyar IITA da ke Kwatano da masanan kare tsirrai na ƙungiyar CILSS a Yamai. Sun yi aiki da wata funfuna mai kama fara, wadda aka samo asalinta daga jikin wata fara a nan Nijar, suka mai da ita magani mai suna Green Muscle. A tsakiyar shekarun 1990 an gwada shi a wajajen Maine Sorowa gefe da gefe da fenitrothion. Inda aka zuba guba, fara ta zube nan take, amma bayan kamar mako biyu wasu suka dawo. Inda aka zuba funfuna, an ɗauki lokaci kafin a ga aiki, amma da fara ta ragu sai ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Funfunar ba ta taɓa saniya, ba ta taɓa tsuntsu. A 2020 ƙasar Somaliya, wadda dukiyarta dabbobi ce, da irin wannan funfuna ta yaƙi farin dango a filaye masu faɗi. Abin da ya yiwu a Somaliya ba zai gagari Nijar da Cadi da Kamaru ba.

Kuma zancen tsutsar itace kansa yana tafe gare mu. Wane ne bai san darajar gawo ba a tsakiyar rani, ko ganyen marke da kirya da maɗaci lokacin da ciyawa ta ƙare? Ga shi tun 2007 ƙasashen Afirka sun ɗauki aniyar dasa katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, ga gandayen dakwara da ake yi domin ƙaro. Duk inda aka jera itace iri ɗaya da yawa, an shimfiɗa ma tsutsa tabarma. Mun kuma ga yadda baƙuwar tsutsar masara ta shigo Afirka ta Yamma daga nahiyar Amurka a 2016, manoma suka ruga kasuwa suka sayi duk abin da hannunsu ya kai, suka zuba bisa karan da shanunmu za su ci da kaka. Ranar da tsutsa za ta faɗa ma wani gandu, za a nemi feshi cikin gaggawa, kuma abin da ke cikin rumbu shi za a ɗauka. Saboda haka tun yanzu ya kamata mu yi magana a kan abin da za a ajiye cikin rumbun.

Ga abin da nake ganin arɗaɗɗinmu da shugabannin kasuwannin shanu za su riƙe su kai gaban hukuma. Na farko, a ƙasar kiwo da gandun daji da bakin mashaya, magani mai zaɓe shi ne za a fara ɗauka. Guba mai kashe kowa sai in babu makawa, kuma a faɗi dalili. Na biyu, kafin a yi feshi a sanar a rediyo da ranar kasuwa, da Hausa da Fulfulde da Tamashek da Larabci, a faɗi sunan maganin da ranar da kwanakin da dabba za ta kaurace ma wurin. Na uku, a bar tazara tsakanin feshi da tabki da rijiya da amya. Na huɗu, ma'aikatan gandun daji da na kare tsirrai su ɗauke mu abokan aiki. Magani mai zaɓe ba ya aiki sai an ga ƙwaro tun yana ƙarami, kuma babu mai riga makiyayi gani. Amurka tarko take kafawa. Mu muna da dubban idanu a daji kullum, da waya a aljihu. Na biyar, kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wanda ke aiki tun 1994 a ƙarƙashin CILSS, a ƙarfafa masa hannu, a kuma tsare iyakoki, domin abin da ya hana kamar endosulfan kada ya dawo ta bayan gida cikin kwalbar da babu suna.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu kanmu muna da laifi. Akwai waɗanda ke sayen maganin auduga ko na wake a tebur su wanke shanu da shi don kaska. Akwai masu zuba ruwa ko nono cikin jarkar da aka juye magani. Akwai bafataken da zai yi ma sa wanka da guba yau, jibi ya loda shi mota zuwa mahauta. Wanda ke haka ba shi da bakin da zai tuhumi jirgi. Ku duba garkenku: in carki ya bar zuwa bayan saniya, in kashi ya kwana bai ga buzuzu ba, to akwai abin da muke zubawa da ya wuce kaska. Ku tambayi likitan dabbobi sunan magani da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Fatake kuma su tuna, in sunan shanun wani yanki ya ɓaci, kowa zai ji a farashi.

Mutanen Amurka sun yi shekaru da dama suna zuba guba kafin su juya. Mu ba sai mun maimaita shekarunsu ba, tunda an riga an yi gwajin, an san sunayen magungunan, ɗaya ma daga ƙasarmu ya fito. Duk wanda ya ga tsutsa ko ƴaƴan fara sun taru fiye da yadda aka saba, ya kai labari ga ma'aikata da wuri. Duk wanda ya ji za a yi feshi, ya tambayi sunan maganin, ya tambayi me yake kashewa me kuma yake bari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiya.